Kyaftin Tsubasa Da Yaran Zuru: A Fara Daga Takarda

Daga wakilinmu a Zuru

Duk wanda ya zaga garin Zuru da la'asar, bayan an tashi daga makaranta, ba zai rasa cin karo da irin shagon nan da yara ke kira gidan gem ba. Ga janareta na ruri a bakin ƙofa, ga akwatunan talabijin uku ko huɗu a jere, ga yara maƙil a kan benci, kowa ya damƙe 'yan canjinsa yana jiran layi ya zo kansa. Kwanan baya wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya tare ni a hanyar kasuwa ya ce, "Ɗana, kai da kake rubutu a jarida, ka gaya wa hukuma ta rufe mana waɗannan shaguna, sun cinye hankalin yara." Na ce, "Baba, zan rubuta, amma ka gafarce ni in abin da na rubuta ya saɓa da aiken da ka yi mini."

A ganina rufe shagunan ba zai yi maganin kome ba, domin abin da ke cikinsu ya riga ya koma cikin wayar hannu, wadda ke kwana ɗaki ɗaya da yaro. Abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne, cikin dukan wasannin da ake latsawa a shagunan nan babu ko ɗaya da ya fito daga hannunmu, ko yake ɗauke da labarinmu. Mu dai namu biyan kuɗi ne kawai. Don a gane yadda wasu mutane suka mallaki hankalin 'ya'yanmu daga nesa, bari mu bi tarihin wasa guda, wanda ni ma na ɓata masa lokaci ina yaro, watau Kyaftin Tsubasa na ƙasar Japan.

Wannan wasa asalinsa labarin zane ne a takarda, irin wanda Japanawa ke kira manga, watau labari da ake bayarwa da hotunan hannu a jere tare da maganganun mutanen ciki. Mai shi wani saurayi ne ɗan birnin Tokyo, Yoichi Takahashi, wanda aka haifa a 1960. Gasar cin kofin duniya ta 1978 da aka yi a Ajantina ce ya kalla a talabijin, ƙwallon ƙafa ta shiga ransa. A 1981 mujallar yara ta mako-mako mai suna Shonen Jump ta fara buga labarinsa. A wannan lokaci ƙwallon ƙafa ba ta da wata daraja a Japan. Ba su da gasar ƙwararru ta kulob-kulob, ba su taɓa zuwa gasar cin kofin duniya ba, yaransu kuwa wasan ƙwallon sanda irin na Amurka suka sani.

Labarin na wani ɗan firamare ne, Tsubasa, wanda ma'anar sunansa ita ce fiffike. Ya ɗauki ƙwallo a matsayin aboki, burinsa kuma ya ga ƙasarsa ta ci kofin duniya. Akwai Wakabayashi mai tsaron gida, wanda suka fara da gaba suka ƙare da abota. Akwai Roberto, tsohon ɗan wasan Brazil da ya koyar da shi. Akwai kuma babban abokin hamayyarsa Hyuga, maraya, wanda ke rabon jarida don ya taimaki mahaifiyarsa da ƙannensa. Duk yaron da ya taɓa yin talla kafin ya tafi makaranta ya san Hyuga, ko da bai taɓa jin sunan Japan ba.

Ya kamata masu karatu su lura da yadda mujallar nan ke aiki, don a nan ne sirrin yake. A takarda mai araha ake buga ta, kowane mako ba fashi, kuma a cikinta akwai ɗan kati da yara ke cikewa su aika su faɗi labarin da ya fi burge su. Labarin da yara suka juya wa baya sai a yanke shi, wanda suka riƙe sai ya ci gaba. Tsubasa ya jure wannan jarrabawa mako bayan mako daga 1981 har 1988, aka tara shi cikin littattafai 37. Tun a 1983 aka mayar da shi zanen da ke motsi a talabijin, ya kai kashi 128. Daga nan ya tsallaka ƙasashe yana sauya suna. Larabawa suka kira shi Kyaftin Majid, da wannan suna ne ma wasu gidajen ƙasar Hausa masu tauraron ɗan'adam suka san shi.

Sai bayan an yi shekara bakwai ana karanta labarin sa'an nan aka mayar da shi wasan bidiyo. A 1988 kamfanin Tecmo ya fitar da shi a kan na'urar Famicom ta kamfanin Nintendo, wadda ta fito tun 1983. Na'urar ba ta da ƙarfi ko kaɗan. Ba ta iya nuna 'yan wasa ashirin da biyu suna tsalle da juyi a sama kamar yadda Takahashi ke zana su. To, maimakon masu ƙera wasan su yi ta kokawa da abin da ya fi ƙarfin na'urarsu, sai suka koma wa takarda suka kwaikwayi halinta. In ɗan wasanka ya ci karo da abokin gaba sai kome ya tsaya cik, a jero maka zaɓi: ka yanke shi ka wuce, ko ka miƙa wa wani, ko ka buga raga. In ka zaɓa sai a nuna maka sakamakon da manyan hotuna, mai sharhi yana bayani a ƙasa. Kowane ɗan wasa yana da ma'aunin kuzari, shahararren bugun nan na Tsubasa kuwa yana cin kuzari mai yawa, wanda ya yi almubazzaranci da shi tun farkon wasa zai ƙare da gurgun kyaftin. Wasan ya fi kama da dara bisa ga guje-guje a fili, domin lissafi ne ke ci, saurin yatsa bai isa ba.

Na biyu, wanda ya fito a 1990, shi ne ya fi shahara. Labarin takarda ya riga ya tsaya a lokacin da Tsubasa ya kama hanyar Brazil, sai Tecmo suka ɗora daga nan, suka sa shi a kulob ɗin Sao Paulo, suka ƙirƙiro masa sababbin abokan hamayya. Wannan shi ne wanda ya iso hannunmu, a cikin kaset-kaset na jabu da na'urorin kwaikwayo masu araha da suka cika kasuwannin ƙasar nan. Rubutun duka da Japananci yake, ba mai iya karanta ko harafi ɗaya a cikinmu. Haddace gurabe muka yi: in ka latsa hagu miƙawa ce, in ka latsa dama bugu ne. Ba a iya ajiye wasa a cikin kaset, sai dai a ba ka wasu haruffa masu yawa ka kwafa. Bayan littattafanmu na lissafi cike yake da haruffan Japananci da muka zana kamar masu zanen ƙwarya, in kuwa ka kuskure ɗigo ɗaya, wahalar mako guda ta tafi a banza. Ban taɓa kwafar darasin aji da irin wannan natsuwa ba, kuma wannan abin tunani ne ga malamanmu.

Akwai wani abu da ya faru a 1992 mai darasi a cikinsa. An so a sayar da wasan farko a Amurka, inda ba a san labarin ba. Sai aka cire Tsubasa da abokansa, aka sa wani yaro mai farin gashi da suna Robin Field, aka kira wasan Tecmo Cup. Na'ura ita ce, dabarun wasa su ne, amma yau in ka cire masu bin tsofaffin wasanni, wa ke tuna Robin Field? Tsubasa kuwa yana nan. Tecmo suka ci gaba da na uku da na huɗu da na biyar a kan Super Famicom daga 1992 zuwa 1994. Bayansu kamfanin Bandai ya karɓa, Konami ma ya yi nasa a 2002 da 2010. A 2017 kamfanin KLab ya kawo shi cikin wayar hannu da sunan Dream Team, a 2020 kuma Bandai Namco ya fitar da Rise of New Champions a kan PlayStation 4 da Nintendo Switch da kwamfuta, har da ƙungiyar Senegal a ciki. Na'urori sun mutu an binne su, kamfanoni sun sauya hannu, amma kowane sabon mai ƙera wasa dole ya koma ya nemi izinin mai labarin, sunan Takahashi kuma yana jikin kowane kwali. A 2024, bayan shekara 43, ya daina zanen da ake bugawa a mujalla saboda shekaru da raunin ido, amma ya ci gaba da fitar da labarin da zanen fensir a intanet.

Kada wani ya ce wannan duk tatsuniya ce ta yara. Mu mutanen Arewa mun ga amfanin gonar da idonmu. A watan Afrilu na 1999 Nijeriya ta karɓi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20. Samarin Japan da suka zo, irin su Shinji Ono da Junichi Inamoto da Naohiro Takahara, haihuwar 1979 ne, watau tsarar da ta buɗe ido ta tarar da Tsubasa a mujalla da talabijin. Kocinsu Philippe Troussier ne, wanda ya taɓa riƙe Super Eagles a 1997. A Kano suka fara, Kamaru ta doke su, suka koma Bauchi suka ci Amurka da Ingila, suka yi ta haurawa har wasan ƙarshe a Legas, inda Sifen ta ci su 4 da nema. Ƙasar da ba ta da gasar ƙwararru sai a 1993, ba ta taɓa zuwa kofin duniya ba sai a 1998, ita ce ta zo ta biyu a filinmu. Ba na cewa zane kaɗai ya yi wannan aiki, don an kashe kuɗi an gina filaye an horar da malamai. Amma kafin a gina fili sai an sami yaron da ke son shiga cikinsa, kuma wannan so labarin ne ya shuka shi. Har a Turai, Fernando Torres na Sifen ya sha faɗa cewa zanen nan na cikin abin da ya ja shi ga ƙwallo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mu ma muna cikin labarin, amma da alƙalamin wani. Mu ne muka ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Japan ɗin kanta a 1993, da su Nwankwo Kanu. Mu ne muka ci su 2 da nema a Olamfik na 1996 a hanyarmu ta ɗaukar zinariya. Takahashi ya ga wannan, sai ya sa ƙungiyar Nijeriya a wani kashi na labarinsa mai suna Golden-23, da wani gwani da ya kira Ochado, wanda kowa ya san Jay-Jay Okocha ake nufi. Mu muka yi bajintar, shi ya zana, shi ya sayar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba za a ce ba mu san wannan hanya ba, don mun taɓa kama ta muka saki. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta labarai da Hausa. Gasar nan guda ita ta ba mu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shaihu Umar ya tashi daga littafi ya zama wasan kwaikwayo, a 1976 kuma Adamu Halilu ya mayar da shi fim. A Kano ma littafin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya tashi daga takarda ya koma kaset ɗin bidiyo. Matakalar ita ce dai wadda Tsubasa ya hau. Bambancin kawai, su ba su tsaya ba, mu kuwa kullum sai mu yi hawa biyu mu zauna, ga 'yan jabu na jira su kwashe abin da marubuci zai ci.

Zuru kuwa ba ta rasa abin zanawa ba. Ga golmo na Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, inda saurayi ke shiga ƙungiyar tsaransa su yi wa surukai noma har shekara bakwai kafin a ba shi mata. Duk abin da mai ƙera wasa ke nema yana nan: ƙungiya, da mataki bayan mataki, da ƙarfin da dole a yi tattalinsa, da buri a ƙarshe. Ga kokawar da ƙasar nan ta yi suna a kanta, ga bikin Uhola da ake yi bayan an kawar da amfanin gona. Ga kuma dara mai gurbi talatin, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, wadda littattafan Turawa na wasannin duniya suka daɗe da rubutawa da sunan Dakarkari. Mutumin da kakansa ya gwanance a dara bai kamata a ce lissafin wasan kwamfuta ya gagare shi ba. A Kamaru wasu samari na kamfanin Kiro'o Games sun fitar da wasansu mai suna Aurion a 2016, cikin matsalar wutar lantarki irin tamu. A Legas ma akwai Maliyo Games tun 2012.

Ban manta da kukan dattijon nan ba, kuma yana da gaskiyarsa. Yaron da ya bar aji ya zauna a shago ya yi hasara, ko wasan na Japan ne ko na Zuru. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta amince da sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka. Akwai kuma wani sabon sharri da bai kasance a zamanin kaset ba. A da in ka sayi kaset ka gama biya. Irin na wayar hannu kuwa, har da Dream Team, kyauta ake shiga, amma gwanayen 'yan wasa ta hanyar ƙuri'a ake samunsu, wanda ya ƙosa sai ya sa kuɗi ya ja, ko ya dace ko ya faɗi. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta duba irin wannan ciniki a wasu wasanni a 2018 ta ce caca ne. Saboda haka ya dace ƙananan hukumomi su hana buɗe gidajen gem a lokacin makaranta, iyaye kuma su san abin da katin waya ke saye a hannun 'ya'yansu. Wannan gyara ne, kuma ya isa. Ba a ƙona rumbu don ɓera.

Shawarata ga Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Kebbi, da ƙananan hukumomin Zuru da Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu, ita ce a fara daga inda Japanawa suka fara. Mun saba in an ce za a ciyar da matasa gaba sai a sayo kwamfutoci a jere a ɗaki, a yanke kyalle, a ɗauki hoto, a kulle ƙofa. Tarihin da muka bi ya nuna na'ura ita ce ta ƙarshe a layi. A sa gasar labarin zane tsakanin makarantun sakandare, da Hausa da C'lela da sauran harsunan masarautar, a ba da kyauta lokacin Uhola. Wanda ya ci kada a sallame shi da kofi da tafi. A ba shi shafi guda kowane mako, ko a jarida ko a allon sanarwar makarantu, yara 'yan'uwansa su riƙa faɗin ra'ayinsu, labarin da ya karɓu ya ci gaba. Kuɗin wannan bai wuce na takarda da tawada da injin kwafi ba. A kuma rubuta sunan yaron a jikin aikinsa, a koya masa haƙƙinsa a ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2022, don kada wani babba ya raba shi da guminsa, gobe ya ƙi sake zanawa.

Ku kuma ɗalibai, musamman masu karatun kwamfuta a manyan makarantun jihar nan, ku dubi abin da Tecmo suka yi da na'urar da wayar da ke aljihunku ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Ba su jira kayan aiki sun cika ba, sun auna abin da ke hannunsu suka yanka rigar daidai jiki. In za ku yi aikin kammala karatu, me zai hana ɗayanku ya sa darar kakanninsa a waya, wani ya nemi abokinsa mai zane su ɗauki labarin ɗan golmo? Na farko ba zai yi kyau ba. Shi ma Takahashi sai da ya yi ta gwaji kafin a ba shi shafi na dindindin. Da rarrafe yaro kan tashi.

Na koma wurin dattijon na karanta masa wannan takarda kafin in aika da ita. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce a zamanin da yake koyarwa ya sha ƙwace littattafan yaran da ya kama suna zane a bayan aji, har ya kan haɗa musu da bulala. Ya ce akwai wani yaro da ya zana 'yan kokawa biyu har ka ce za su yi motsi, bai san inda rayuwa ta kai shi ba. Irin wannan yaro yana nan yau ma a wani aji a Zuru ko Dabai ko Riɓah, ko kuwa yana kan benci a gidan gem yana jiran layi. Allah ya sa hukuma ta neme shi tun alƙalamin yana hannunsa, amin.